Idan Magani Ya Ƙare, Jinya Ma Ta Ƙare Ke Nan?

 

'Yar'uwa mai karatu, akwai wata magana da muke yawan faɗa idan ciwo ya daɗe a gida: “An yi iya ƙoƙari, sai a bar wa Allah.” Maganar gaskiya ce, babu mumina da za ta musa. Amma ina so mu tambayi kanmu me muke aikatawa bayan mun faɗe ta. Sau da yawa daga ranar ne masu zuwa dubiya suke ɗauke ƙafa, a mayar da majinyaci ɗakin ƙurya, a bar shi da mace guda. To, shin wanda likita ya ce ba zai warke ba yana da sauran haƙƙi a kanmu, ko haƙƙinsa ya ƙare ne tare da ƙwayar magani ta ƙarshe?

Mu mutanen Bukkuyum da Anka da Gummi ba sai mun je nesa neman misali ba. A watan Maris na 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitocin nan ta MSF, waɗanda suke zagayen sa ido kan sanƙarau, suka tarar ana ta binne ƙananan yara a wasu ƙauyuka. Yaro ya yi amai, ya yi jijjiga, ya sume, shi ke nan. An ba da maganin zazzaɓin cizon sauro bai yi ba, wasu suka ce iska ce, wasu suka ce mayu. Sai da aka auna jini aka gane gubar dalma ce, wadda take cakuɗe da duwatsun zinariyar da ake kawowa cikin gida ana dakawa ana niƙawa, ƙurar tana sauka a tsakar gidan da yara suke rarrafe. Binciken da aka yi a 'Yargalma ta Bukkuyum da Dareta ta Anka ya nuna cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a shekara guda. Ɗaya cikin huɗu ke nan fa! A jimlace an ƙiyasta kimanin yara 400 ne suka rasu. Allah Ya jiƙansu, Ya sa masu ceton iyayensu ne.

An buɗe wuraren jinya a Bukkuyum da Anka, aka riƙa ba yara maganin da yake kama dalmar ya fitar da ita ta fitsari, aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. Bagega kuwa sai 2013 aka samu aka tsabtace ta. Mace-macen ya ragu ƙwarai. Nan ne labarin ya ƙare a rediyo, amma a cikin gidaje bai ƙare ba.

Bari in ɗan yi miki bayanin abin da masana ƙwayoyin halitta suka gano, domin a kansa tambayarmu ta rataya. Jikin ɗan Adam an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, kowace da ƙofofinta da take shigar da abin da take buƙata. Cikin abin da take buƙata akwai sinadarin kalsiyam, wanda yake gina ƙashi, kuma da shi ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suke aika wa juna saƙo. Ita dalma kama take yi da shi, sai ƙwayar ta buɗe mata ƙofa kamar 'yar gida. Idan ta shiga sai ta rikita saƙon, ta kuma hana jiki haɗa jini yadda ya kamata. Cikin yaro yana tsotse dalma ninki huɗu zuwa biyar fiye da na babba, ga shi ƙwaƙwalwarsa a lokacin ne take ƙulla hanyoyinta. Maganin da aka bayar yana rage dalmar da ke cikin jini, ya ceci rai, amma ba ya mayar da abin da ya riga ya lalace a ƙwaƙwalwa. Ko a Amurka, binciken da aka buga a 2001 kan yara 780 da aka gwada wannan magani a kansu ya nuna jini ya yi sauƙi, amma fahimtar yaran ba ta ƙaru ba.

Kin ga ke nan akwai waɗanda suka tsira da rai, amma wani ya makance, wani ƙafafu sun ƙi ɗaukarsa, wani farfaɗiya ta zauna masa, wani kuma lafiya lau a ido sai dai karatu ba ya zama. Yaran nan yanzu sun haura shekara goma sha biyar. Wanda ake goyawa jiya, yau ya fi ƙarfin ɗauka.

A ganina kuskurenmu shi ne mun haɗe magani da jinya wuri guda, alhali kowanne da aikinsa. Magani yana neman kawar da cuta, idan ya kasa sai ya tsaya. Jinya kuwa mutumin take kallo, kuma mutumin yana nan ko cutar ta tafi ko ba ta tafi ba: yana jin ƙishirwa, yana jin kunya idan ya ɓata jikinsa, yana gane muryar da ta saba kiransa. Ki tuna Rufaida Al-Aslamiyya (RA), wadda take da tanti a masallacin Madina tana jinyar masu rauni. Da aka harbi Sa'adu ɗan Mu'azu (RA) a yaƙin Khandaƙ, shekara ta 5 bayan hijira, a tantinta Manzon Allah (SAW) ya sa aka ajiye shi don ya riƙa duba shi daga kusa. Sa'adu bai tashi ba, raunin nan ne ajalinsa. Ban taɓa jin malamin da ya ce wahalar Rufaida ta tafi a banza ba.

Kuma kada ki ɗauka jinya zama ne kawai ana fifita. Tana da ilimi. Ma'aikatan jinya suna koyar da a riƙa juya wanda ba ya motsi kusan duk awa biyu, don kada gyambon kwanciya ya kama shi. A riƙa miƙe masa gaɓoɓi ana lanƙwasawa kullum don kada su ƙage. A zaunar da shi kafin a ba shi kunu don kada ya shaƙe, ya zame masa ciwon huhu. Mai jijjiga a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali a baki. Irin wannan ne ake yi wa dattijon da ɓarin jikinsa ya shanye, kuma an tabbatar maimaita motsi yana sa ƙwayoyin ƙwaƙwalwar da suka rage su ƙulla sababbin hanyoyi. Ba kowa ne yake tashi ya yi tafiya ba, amma wanda ya iya riƙe moɗa da kansa ya samu wani abu na mutuncinsa.

Na san abin da za ki ce, kuma kina da gaskiya. Za ki ce faɗa da baki yana da sauƙi. Matar nan tana da wasu 'ya'ya, ga daka, ga ɗiban ruwa, ga rashin tsaron da ya kori mutane daga ƙauyukansu, ta yaya za a ce ta tashi cikin dare tana juya majinyaci? Ashe ba zalunci ba ne a ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta da sunan lada? Wallahi zalunci ne, idan ita kaɗai aka bar wa. Mun iya yi wa mai jinya wa'azin haƙuri, mu tashi mu kaɗe zane mu tafi. Imam Gazali ya lissafa ilimin likitanci cikin farillan da suke kan al'umma gaba ɗaya, waɗanda idan babu mai yi kowa ya yi laifi. Ni ban ga dalilin da zai sa jinyar da ta fi ƙarfin gida guda ta fita daga wannan hukunci ba. Zinariyar nan kuwa da aka daka, ba matar ce ta ci kuɗinta ba.

Sannan dubi wadda aka fi bar wa aikin. Idan aure ya mutu ko uwa ta sake haihuwa, wurin kaka ake kai yaron. Ita ma kakar ta shaƙi ƙurar nan. A jikin babba, fiye da kashi 90 cikin 100 na dalmar a ƙashi take ɓuya, ta yi shekaru masu yawa a can. Lokacin da ƙashi yake sakin kalsiyam, wato lokacin ciki da shayarwa da bayan ɗaukewar al'ada, sai ta biyo shi ta dawo cikin jini, kuma tana da hannu a hawan jini da ciwon ƙoda. Wato tsohuwar da take cicciɓar jikanta ita ma mai buƙatar a duba ta ce. 'Yan matan da suka sha gubar suna ƙanana kuma ga su sun kai aure, ya kamata duk wadda ta samu juna biyu ta gaya wa ma'aikatan awo garin da ta tashi.

MSF ta miƙa aikin gubar dalma ga hukumomin jihar Zamfara a 2022. Asibiti zai yi nasa, amma ba zai shigo gida ya yi wa saurayi ɗan shekara goma sha bakwai wanka ba. Wannan sai mu. Kowane reshe namu yana da mata da suke haɗuwa duk mako don karatu. Me zai hana a rubuta gidajen da ke da irin wannan majinyaci, yaro ne ko tsoho, mata biyu su karɓi Inna ranar Talata ta samu ta yi barcin rana, a kuma roƙi wata ma'aikaciyar jinya cikin 'yan'uwa ta zo ta nuna mana da hannunta yadda ake juya mutum ba tare da an ji wa baya ciwo ba?