Gonar Gado da Muka Yanka Fuloti

A shekarar 1967 wata Baturiya 'yar Ingila mai suna Polly Hill ta zauna a Batagarawa, kudu kaɗan da birnin Katsina, tana bin gonaki tana yi wa manoma tambayoyi. Mutanen garin a lokacin ba su kai 1,500 ba. Littafin da ta fitar a 1972 cike yake da abin da kakanninmu ba su taɓa zaton ya isa a rubuta ba: gandu, gayauna, rumbu, taki. Yau jikokinsu da yawa sai an yi musu bayanin gayauna.

A gandu, uba da 'ya'yansa, har magidanta a cikinsu, gona ɗaya suke duƙawa tun sanyin safiya har rana ta take. Da yamma kowa ya nufi gayaunarsa, abin da ya noma a can nasa ne. Uban shi ke ciyarwa, shi ke biyan haraji, shi ke yi wa ɗa auren fari. Idan ciwo ya kayar da maƙwabci a tsakiyar damina, ba sai ya aiko ba. A kira gayya, makaɗi ya rataya ganga, samari su jera kunya-kunya, mata su biyo da ƙoren fura, kafin la'asar an gama maimai. Ladan kowa goro da Allah ya yi albarka. Da kaka kuwa, kafin dami ya shiga rumbu, sai an ware ɗaya cikin goma an kai gidan wanda ba shi da shi.

Ba wai aljanna ba ce. A wancan zamanin ma akwai wanda rumbunsa ke ƙarewa tun kafin shuka, ya tafi ƙwadago gonar wani tasa na kwana da ciyawa. Fari ya zo a 1973, cuta ta kashe gyaɗa a 1975. Amma akwai kunya. Mai hali yana jin nauyin ya ƙoshi alhali bayan dangarsa yara na kuka.

Tun da Katsina ta zama babban birnin jiha a 1987 gari ke cin karkara, kuma haka abin yake a gefen Kano da Zariya da Maraɗi. Wannan ba laifin kowa ba ne, jama'a ce ta ƙaru. Laifinmu shi ne saurin da muke yi. Ba a share makokin uba ba dillali ya iso zaure, a yanka gonar da aka shekara hamsin ana kai mata taki a kan jaki, a sayi babur, a ƙara aure. Bayan damina biyu sai ka ga mai gonar a kasuwa yana awon gero da tiya. Wanda ya kira gayya yanzu, tambayar farko da zai sha ita ce nawa za a bayar.

Mun iya zagin samari, wai zuciyarsu ta mutu. To idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ne muka ce wa yaro ya dage da boko kada ya ƙare manomi, kamar noma horo ne. Mu ne muka sayar da hatsin gida tun da kaka, muka dawo muna sayensa da tsada a watan Yuli. Yaron da bai taɓa ganin ubansa ya ɗauki dami ya kai wa gwauruwar unguwa ba, a ina zai koya?

'Yan uwana magidanta, wannan gyara ba ya jiran gwamnati ko dagaci. Wanda Allah ya bar masa gona, ko ta kadada ɗaya ce, ya riƙe ta. Ranar da babu makaranta ya ɗauki ɗansa su tafi tare, ya yanka masa 'yar gayauna tasa. Bana kuma, kafin ku kira mai mota ya kwashi amfani, ku fitar da zakka a gaban yaranku, ku aike su da ita da hannunsu.