Wa Zai Sa Ido Kan Masu Yin Doka?

'Yan uwana ɗalibai, tambayar da nake so mu yi nazari a kanta a wannan fitowa gajera ce, amma amsarta na da nauyi. Idan majalisar dokoki ita ce ke yi wa kowa doka, wa zai yi mata tata dokar, musamman wadda za ta tilasta mata bayyana abin da take yi a bayan ƙofa?

A nan Amurka, kusan rabin jihohi suna da wata hanya da suke bi. Jama'a kan rubuta ƙudurin doka da kansu, su tara sa hannun adadin masu zaɓe da tsarin mulkin jihar ya ƙayyade, sai a ɗora ƙudurin a kan takardar ƙuri'a ranar zaɓe. In ya samu rinjayen da ake bukata ya zama doka, ko 'yan majalisa sun so ko sun ƙi. Jihar Dakota ta Kudu ce ta fara amincewa da wannan tsari a 1898.

Alal misali, a 1976 mutanen Fulorida, bisa jagorancin gwamnansu Reubin Askew, sun bi ta wannan hanya suka wajabta wa zaɓaɓɓun shugabanni bayyana dukiyarsu, bayan majalisa ta yi ta jan ƙafa. A 2016 kuma mutanen Kalifoniya sun amince da ƙuduri mai lamba 54, wanda ya hana majalisa zartar da doka sai an wallafa ta a intanet na tsawon sa'o'i 72 kafin ƙuri'ar ƙarshe, in ba a halin gaggawa ba. Dalili kuwa shi ne wata ɗabi'a da aka daɗe ana kuka da ita, wato a kwashe abin da ke cikin ƙuduri a daren ƙarshe, a cusa wani abu dabam, a kaɗa ƙuri'a tun kafin kowa ya karanta.

To amma akwai masu suka, kuma maganarsu ba ta banza ba ce. Suna cewa wakilci amana ne, in ka zaɓi mutum ka ba shi wuƙa da nama, me ya sa za ka koma ka ɗaure masa hannu? Suna ƙarawa da cewa sasantawa tsakanin jam'iyyu na bukatar sirri, domin ɗan siyasa ba ya iya sassautowa a gaban kyamara. Sannan ita kanta ƙuri'ar jama'a ba ta tsira daga masu kuɗi ba, domin tara sa hannu da tallace-tallace na cin miliyoyin daloli. Shi kansa ƙuduri na 54, wani attajiri mai suna Charles Munger ƙarami ne ya ɗauki mafi yawan nauyinsa.

Ni a ganina, in ana maganar haraji ko kasafin kuɗi, wannan suka na da ƙarfi, domin abubuwa ne masu sarƙaƙiya da ba a warware su da "eh" ko "a'a". Amma batun sa ido kan majalisa dabam yake. Nan ne wuri ɗaya da ɗan majalisa ke zama alƙali a shari'ar da shi ne wanda ake ƙara. Ko da mutumin kirki ne, ba adalci ba ne a ɗora masa wannan nauyi, kuma ba hikima ba ce a jira shi ya taƙaita wa kansa kyaututtukan masu kamun ƙafa. Amana ba ta hana lissafi. Wanda ka ba ajiya, in ka ce ya buɗe akwati ka gani, ba ɓarawo ka kira shi ba, kayanka ka nemi gani. Shi kuwa sirrin sasantawa, ana iya barin tattaunawa ta gudana cikin natsuwa, amma abin da aka cimma dole ya fito fili kafin ya hau kan jama'a.

Abin da ya biyo bayan irin waɗannan ƙuri'u shi ya fi ƙarfafa mini wannan ra'ayi. A 1972 mutanen jihar Washinton sun kafa dokar bayyana takardun gwamnati da ƙuri'arsu. A 2018 'yan majalisar jihar, daga jam'iyyun biyu, suka zartar da wata doka cikin kwana biyu kacal domin tsame kansu daga cikinta. Sai da jaridu da dubban mutane suka yi caa, sannan Gwamna Jay Inslee ya ƙi sa hannu. A Dakota ta Kudu kuwa, jama'a sun amince da dokar ɗa'ar 'yan siyasa a Nuwamban 2016, wani alƙali ya dakatar da ita, majalisa kuma ta soke ta a Fabrairun 2017 da sunan gaggawa, abin da ya toshe damar mayar da batun ga masu zaɓe.

Darasin a nan shi ne ƙuri'a tana buɗe ƙofa, amma ba ta tsayawa gadi. Dokar bayyana gaskiya ba ta da amfani in babu ɗan jaridar da zai nemi takarda, babu ɗan ƙasar da zai karanta ƙudurin a cikin sa'o'in nan 72.

Mu da muka fito daga Nijeriya, tsarin mulkinmu bai ba talaka damar kawo doka ta ƙuri'a ba, sai dai kiranye, wanda sharuɗɗansa ke da tsauri ƙwarai. Amma muna da dokar 'yancin samun bayanai ta 2011. Tambayata gare mu ita ce, mu nawa ne muka san sunan wakilinmu a majalisar jiha, balle mu taɓa rubuta masa muna neman ganin yadda ya kaɗa ƙuri'a? Mai kaya in ya yi barci, kada ya ga laifin mai gadi shi kaɗai. Allah Ya sa mu dace.