"Ruwa Ba Ya Shiga": Alkawari Ne Ko Zaƙin Bakin Kasuwa?

Ƙananan jakunkunan roba da 'yan tireda ke sarowa daga Kano sun fara maye gurbin ledar da manomi ko ɗan acaɓa ke ƙulle wayarsa a ciki idan damina ta kankama a Achilafiya da sauran garuruwan masarautar Kazaure. Tallarsu ɗaya ce: ruwa ba ya shiga. Abin da fiƙihu ke tambaya shi ne ko wannan magana alkawari ce da ta hau wuyan mai sayarwa.

Hana ruwa shiga mataki-mataki ne. Ma'aunin IP, wanda hukumar IEC ta fitar a 1976, ya rarrabe matakan: abin da aka yi wa lambar IPX4 fantsamar ruwa kawai yake jurewa, mai IPX7 yana iya nutsewa zurfin mita 1 na minti 30, mai IPX8 kuwa masana'anta ce ke faɗin iyakarsa. Da wuya jikin robar ya yi yoyo yana sabo. Ruwa yakan bi ta ɗinki, domin kowace hudar allura ƙofa ce, ko ta zif, ko ta wurin naɗewa da rana ta busar har ya tsage. Dukawa sun daɗe da sanin haka. Gafakar da suke ɗinkawa tana kare Alƙur'ani daga ƙura da yayyafi, amma babu malamin da zai tsunduma rafi da ita, don tawadar gawayi da ƙaro ba ta jure jiƙa. Salka ma tana naso, nason ne ke sanyaya ruwanta, ba a kuma taɓa kiransa aibi ba. Ashe aibi ya danganta ne da abin da aka yi kayan dominsa da abin da aka faɗa a kansa.

Tushen hukuncin ma a kan jiƙar ruwan sama ya zo. Imam Muslim ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya cusa hannu cikin tulin abincin wani ɗan kasuwa ya ji danshi. Mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi, sai aka tuhume shi da rashin ɗora jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani, aka kuma nesanta mai algus daga tafarkin Manzo. Laifin ɓoyewa ne, jiƙar kanta ba komai ba ce. A kan haka Risala ta Ibn Abi Zaid, wanda ya rasu a 996 Miladiyya, ta hana ɓoye duk abin da mai saye zai ƙi kayan saboda shi da ya sani.

Muhtasar na Shehu Halil ya ƙara matse zancen: idan an ambaci wata siffa mai amfani ga mai saye, aka kuma rasa ta, yana da damar mayar da kaya, ko da a cikin shelar talla aka ambata. Bisa wannan, kalmar ɗan tireda sharaɗi ce. Cewa shi ma bai gwada ba, dozin ya saro, yana ɗauke masa zunubin yaudara, amma ba ya hana a dawo masa da jakarsa.

Inda maganar ta yi nauyi shi ne togaciyar masu sharhi. Sun ce idan al'adar dillalai ce su riƙa ƙaga yabo, kowa kuma ya san haka, to shelarsu ba ta zama sharaɗi, domin mai saye ya shiga cinikin bai dogara da ita ba. Hukuncin daidai yake a hankalce, sai dai yana da ɗaci: yawan ƙarya a kasuwa shi ke sauke wa maƙaryaci nauyin maganarsa. Mafita ga mai saye ita ce ya fitar da zancen daga talla ya mayar da shi sharaɗi a bayyane, ya tambaya ko yayyafi ake nufi ko nutsewa, ko ya sa takarda a ciki ya danna jakar cikin bokiti kafin ya ba ta amanar wayarsa. Idan kuwa ya ga tana yoyo ya ci gaba da amfani da ita, Malikawa suna ɗaukar hakan a matsayin yarda, damar mayarwa ta faɗi.