Darasi: Taron Kifi da Taron Masu Bi

Karatu: Luka 5:1-11, Mai-Wa'azi 4:9-12, Yohanna 10:11-15.
Aya ta haddacewa: Ibraniyawa 10:25.

A cikin karatunmu na fari mun ga Siman Bitrus da abokansa sun kwana suna wahala a Tekun Galili, ba su kama kome ba. Sa'anda suka saki taru bisa ga maganar Ubangiji Yesu, sai suka kama kifi har tarun ya soma tsagewa, jirage biyu suka cika. Kifi mai yawa haka wuri ɗaya, wane irin kifi ne? A cikin tekun nan akwai karfasa, dangin wadda masuntanmu ke kamawa a Kwara da Binuwai, tana kuwa tafiya runduna runduna. Sanin wannan ba ya rage al'ajibin, gama Ubangiji ne ya san inda taron yake. Amma ya kamata mu tambaya, don me Mahalicci ya yi kifi da sauran dabbobi su riƙa zama tare?

1. Amfanin taro

Dalili na fari shi ne tsaro. Kifi ɗaya idonsa biyu ne kaɗai, amma taron dubu ba shi da sauƙin mamaya. Da ɗaya ya ga giwan ruwa ya zabura, sai sauran duka su juya tare da shi. Ban da haka, mafarauci yakan ruɗe in ya ga jikuna masu yawa suna walƙiya gabansa, ya rasa wanda zai bi. Shi ya sa yakan fi neman wanda ya ware, ko wanda ya rage a baya.

Na biyu shi ne abinci, gama abin da ɗaya ya samu, sauran sukan gani su bi shi. Na uku, sauƙin tafiya. A shekara ta 2001 masana suka auna bugun zuciyar ƙwasaƙwasa masu tashi a jere, suka tarar waɗanda ke bin bayan wani ba su wahala kamar mai tashi shi kaɗai.

2. Yadda suke tafiya ba shugaba

Littafin Misalai 30:27 ya lura da fāri, cewa suna fita bisa tsari ko da yake babu sarki a kansu. Haka kifi yake. Kowane ɗaya yana lura da na kusa da shi, ba ya matsa masa, ba ya kuwa yin nisa da shi. Allah ya yi masa wani layi a gefen jiki, daga kai zuwa wutsiya, da shi yake jin motsin ruwa. A shekara ta 1976 aka gwada rufe idanun waɗansu kifayen teku, duk da haka suka iya bin taronsu. Sai da aka yanke jijiyar layin nan kuma, sa'an nan suka kāsa.

3. Inda ikilisiya ta bambanta

A nan sai mu yi hankali, 'yan'uwa. A shekara ta 1971 wani masani na ƙasar Ingila, W. D. Hamilton, ya nuna cewa son kai kaɗai ya isa ya tara garke. Kowace dabba tana kutsawa tsakiya domin maƙwabciyarta ta zama tsakaninta da mai cinta. Da haka marasa ƙarfi sukan ƙare a gefe, inda haɗari yake. Ba a ganin laifin kifi, gama ba shi da shari'a a zuciyarsa. Amma in ikilisiya ta zama haka, kaitonmu! Ashe, ba mu taɓa ganin masu ƙarfi sun kama wurin tsakiya, gwauruwa da sabon tuba da baƙo suna can gefe, ba mai tambayarsu ba?

Giwaye sun fi ba mu misali mai kyau. Sa'anda haɗari ya zo, manya sukan kewaye 'ya'yansu, su fuskanci abokin gāba. Amma babban misalinmu shi ne Makiyayi mai kyau na Yohanna 10. Da ya ga kyarkeci bai ɓuya cikin tumaki ba, ya tsaya a gabansu, ya ba da ransa. Saboda haka kada mai bi ya daina zuwa taro, gama wanda ya ware shi ake fara kamawa. Kada kuma ya zo domin ya tsira shi kaɗai. Mai ƙarfi, wurinsa a gefe ne.

Tambayoyi

1. Ku faɗi dalilai uku da ke sa dabbobi su zauna tare.
2. Me Mai-Wa'azi ya ce zai sami wanda ya fāɗi ba shi da na biyu?
3. Su wane ne ke gefe a cikin ikilisiyarku? Wa zai ziyarce su a makon nan?

Addu'a

Ya Ubangiji, Makiyayinmu, ka riƙe mu cikin garkenka. Ka buɗe idanunmu mu ga waɗanda suka rage a baya, ka ba mu zuciyar tsayawa dominsu. Cikin sunan Yesu, Amin.