Shin Takardar Hukuma Tana Halatta Cutar Maƙwabci?



Ya ku ƴan'uwa Musulmi, duk wanda ya bi hanyar Damagaram zuwa Magarya, ta Bande har Tinkim, ya san cewa da burji da tsakuwa ake shimfiɗa hanya, kuma daga ƙasar wani ake haƙo su. Tun da Dungas ta zama gunduma a 2011 jama'arta ke neman hanya mai kyau, kuma haƙƙinsu ne. Hanyar nan ita ke kai mai naƙuda asibiti, ita ke kai riɗi kasuwa. Ba mu ƙin rami.

Abin tambaya shi ne: idan mai haƙa ya riƙe takardar izini, ya biya haraji, shin ƙurar da tifofinsa ke tulawa cikin tukwanen mutane ta zama halal? Muna ganin a'a. Izinin hukuma yana hana a kira shi ɓarawon ƙasa, amma hukuma ba ta mallaki numfashin tsoho mai tari ba, balle ta yafe shi a madadinsa.

Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da wannan magana. Ibnu Asim ya keɓe fasali a Tuhfatul Hukkam kan cutar maƙwabci, Ibnur Rami kuwa, magini ne a Tunis, ya tattara hukunce-hukuncen hayaƙi da wari da girgizar bango. Ƙa'idarsu: cutar da aka farar daga baya, a kan wanda ya farar da ita kawarwa take. Garin ya riga ramin zuwa.

Sai dai maƙwabci ma yana da iyaka. A cikin Muwaɗɗa, Sayyidina Umar ya tilasta wa Muhammadu ɗan Maslama barin magudanar ruwan Dahhaku ta ratsa gonarsa, domin ba ta cutar da shi. Saboda haka wanda ya tare hanya don hassada, ko don a sa masa wani abu a aljihu, ba shi da hujja.

Abin da ya wajaba a kan masu sa hannu shi ne su ji ta bakin maigari da masu gonaki tukuna, sannan su rubuta sharaɗi: a yayyafa ruwa, a rage gudu, a kauce wa lokacin tashin ƴan makaranta. Sharaɗin da aka fi mantawa shi ne cike ramin. Kamfani yana kwashe kayansa da rani, damina ta zo ta mai da wurin kududdufi mai zurfi, yaran da ke kiwo kuwa ba su iya iyo ba.