Shigar burtu da shigar wasa

Kashegarin ƙaramar salla, da la'asar sakaliya, ina zaune a ƙofar gida a Dogarawa tare da wani dattijon malami da ya riga ni shiga aikin koyarwa, sai muka ji ƙararrawar kekuna. Samari ne wajen ashirin, sun jero sun nufi hanyar Galmi. Na gaba ya sha babbar rigar kakansa da rawani, na biye da shi yana ƙoƙarin riƙa masa laima da hannu guda. Akwai mai riga ja da kore irin ta dogarai, akwai mai gemun auduga, an kuma ɗaura wa kekunan ƙyallaye a madadin kayan doki. Wanda ya katse mana hira shi ne na ƙarshensu: abokin aikinmu ne, magidanci mai ƴaƴa huɗu, da malfa da rigar saƙi, yana tuƙi yana ƙyalƙyala dariya. Dattijon ya kaɗa kai ya ce: "Malam, wannan ya zubar da girmansa. Bayan hutu da wane ido zai dubi ɗalibansa?"

Tambayar ta cancanci a tsaya mata, domin tana da tushe. A ƙasar Hausa tufa shaida ce. Da rawani ake naɗa sarauta, da alkyabba ake gane basarake, kuma tun daga nesa ake bambanta malami da maharbi. Wanda ya sa abin da ba nasa ba kamar ya ba da shaidar zur ne a kan kansa, shi ya sa ake cewa kayan aro ba ya rufe katara. Harshenmu ma ya tanadi sunaye masu ɗaci domin irin wannan: sojan gona, shigar burtu. To, shin samarin nan da malaminsu sun faɗa cikin wannan zargi?

Mu dubi burtun da kyau. Maharbi yana ɗaura kan burtu a goshi, ya duƙa, ya riƙa tafiya irin ta tsuntsun har ya kusanci naman daji. Nasararsa duka ta rataya ne a kan kada a gane shi. Da zarar an gane, farauta ta ɓaci. Shi kuwa mai shigar wasa, in ba a gane shi ba wasan ne ya ɓaci. A tashen watan azumi, wanda ake farawa bayan kwana goma, uwargida tana dariyar tsohon da ya shigo da sanda da gemun auduga ne saboda ta san ɗan maƙwabciyarta ne mai shekara tara. Ƙarya tana bukatar wanda za a ruɗa. Inda mai yi da mai kallo duka suka san gaskiyar lamarin, ba a ruɗi kowa ba.

Kuma wannan ba sha'anin yara kaɗai ba ne. A wasan kara na Damagaram manya ne ke fitowa da shigar shugaban ƙasa da ministoci da hafsoshin soja, suna kwaikwayon tafiyarsu da jawabinsu, jama'a na kallo. A Kano, Nalako sarkin gwagware babban mutum ne, kuma da shiga ta musamman yake fita tashensa. Hawan salla kansa, wanda hukumar UNESCO ta sa na Kano cikin jerin al'adun duniya a 2024, ai barden da ya sa sulke ya ɗora wa dokinsa lifidi ba yaƙi za shi ba. Can Ingila ma, a 2009 aka fara wani hawan kekuna a birnin Landan, Tweed Run, inda manyan mutane ke saka tufafin ulu irin na kakanninsu su zaga gari. Ashe dai marmarin fita daga rigar yau da kullum, ko na yini guda, halin ɗan Adam ne.

Me wannan marmari yake amfana mana? Wanda ya shekara ashirin cikin riga ɗaya yakan manta cewa riga ce, ya ɗauka fatarsa ce. Malami ya zama malami har a gaban tuwo, mai muƙami ya kasa gaisawa da talaka sai da murya ta ofis. Ranar da mutum ya sa rigar wani, ya ji nauyinta, ya tuɓe da magariba, yakan tuna cewa tasa ma aro ce, akwai ranar mayarwa. Wannan tunawa tana rage girman kai, ba ta taɓa girma.

Keken ma yana da nasa darasi. Doki da kayansa sai mai hali, amma keken da ya yi hawan nan shi ne mai kai manomi fadamar albasa a Galmi, shi ne mai kai lebura bakin aiki a masana'antar siminti ta Malbaza. A kansa ɗan sarki da ɗan talaka ƙafa ɗaya suke murzawa. Haka kuma yin abin a taro shi ke ba shi ma'ana: mutum guda da gemun auduga a tsakiyar kasuwa, a ce ya taɓu, mutum ashirin, a ce biki. Sannan ga ribar da ta shafi ƙungiyoyinmu na al'adu kai tsaye. Saboda hawan nan an buɗe adakar da ta daɗe a rufe, yaro ya ji sunan saƙi da barage da tsamiya, ya san aska biyu daban take da aska takwas, ya kuma durƙusa gaban kakansa yana roƙon aro.

Duk da haka dattijon bai yi kuskure gaba ɗaya ba, domin wasa yana da iyaka. A 2024 ƴan sandan Kano sun dakatar da tashe saboda ɓata-gari da ke fakewa da shi suna ƙwace da dabanci: nan shigar wasa ta koma shigar burtu. Akwai kuma wasan da ba ya sata amma yana yanka, kamar kwaikwayon makaho ko gurgu ko matalauci domin a yi musu dariya. Taubasantakar ƙasarmu Nijar, wadda UNESCO ta karɓa a 2014, ta riga ta ba mu ma'auni: ana zolaya ne tsakanin waɗanda kowannensu ke da ikon ramawa, a tashi kowa na dariya. Saboda haka kafin mu bar ɗalibanmu su fita, tambaya biyu ta isa. Shin fuskarsu a buɗe take, kowa ya san su? Shin wanda ake kwaikwayo zai iya tsayawa a bakin hanya ya yi dariya tare da mu? In amsa ta zama i, ban ga abin da malami zai rasa ba in ya shiga sahu. Ɗalibin da ya ga malaminsa ya iya wasa ba tare da ya wulaƙanta kowa ba ya koyi abin da allo bai cika koyarwa ba.

Ban shawo kan dattijon ba a ranar, har yanzu yana cewa shi ba zai hau ba. Amma da ayarin ya dawo gab da magariba, ya ɗaga hannu ya tsayar da na gaba. "Zo nan, yaro. Wa ya yi maka wannan naɗi kamar gammo?" Ya warware rawanin, ya sake naɗa masa shi sannu a hankali, saura suna kewaye suna kallon yadda hannunsa ke juyawa.