Sakin Mai Fushi Da Uzurin Ƙwaƙwalwa



Akwai wata magana da malaman zaure da alƙalai suka gaji da ji a ƙasar Gwandu, tun daga Jega har Aliero da Maiyama, watau mutum ya saki matarsa da dare, gari na wayewa ya zo yana rantsuwa cewa ba shi ba ne, zuciya ce ta ɗebe shi. A da uzurin nan a kan zuciya da Shaiɗan yake tsayawa. Yanzu kuwa da karatun zamani ya yalwata, ga kwalejin kiwon lafiya a Jega, ga jami'ar kimiyya da aka kafa a Aliero a 2006, sai uzurin ya sami sabuwar riga. Akan ji matashi yana cewa ai fushi aikin ƙwaƙwalwa ne da jijiyoyi, mutum ba shi da hannu a ciki. To, in haka ne, ina dalilin kama shi da abin da ya furta?

Rabin maganar gaskiya ce, bai kamata a kore ta ba. Bahaushe yana kiran hanyar jini jijiya, yana kiran igiyar tsoka jijiya, amma akwai jijiya ta uku wadda aikinta ɗaukar saƙo ne kurum. Masu ɗorin Aliero, waɗanda ake kawo musu masu karaya daga nesa, sun san alamarta tun kafin likita ya zo: in ƙashin baya ya karye har laka ta tsinke, sai a ga ƙafa lafiya lau, ba karaya ba targaɗe, amma ba ta motsi kuma ba ta jin tsunguli. Daga lakar nan jijiyoyi tagwaye 31 suke fita su bazu cikin jiki, mafi saurinsu kuwa saƙo yana cin kimanin mita 100 a cikinsu a daƙiƙa ɗaya. Can sama ga ƙwaƙwalwa, nauyinta bai kai kilo ɗaya da rabi ba, amma ƙwayoyin saƙon da ke cikinta sun kai kimanin biliyan 86.

Yawancin aikin nan ba ya neman iznin mai jiki. Matar da ke yanka albasar Aliero tana zub da hawaye alhali ba a yi mata mutuwa ba. Yajin albasa ne ya taɓa jijiyar ido, saƙo ya tafi gindin ƙwaƙwalwa ya komo, ruwa ya zubo. Farkon fushi ma haka yake. Cikin zurfin ƙwaƙwalwa akwai wasu 'yan curi biyu, dama da hagu, kowanne kamar ƙwayar gyaɗa, likitoci suna kiransu amigidala, su ne masu gadi. Da kunne ya ji zagi sai su yi kururuwa, wasu halittu da ke bisa ƙoda su saki sinadarin adirenalin cikin jini, zuciya ta yi ta bugu, baki ya bushe, hanji ya dakata da aikinsa, jini ya kwarara zuwa damatsa. Wani likitan Amurka, Walter Cannon, shi ya yi bayanin wannan a 1915. Shekara ɗari takwas kafinsa Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya siffanta fushi a cikin Ihya'u da tafasar jinin zuciya, ya kuma nuna cewa ba a iya tumɓuke shi, ba a ma so a tumɓuke shi, domin da shi ake kare addini da mutunci. Har nan matashin yana da gaskiya, shari'a ma ba ta tuhumar kowa da bugun zuciyarsa.

Sai dai harshe ba ya cikin wannan rukuni. Jijiyoyin da ke tafiyar da zuciya da hanji da gumi dabam, waɗanda ke motsa harshe da hannu dabam, su kuwa umurni suke jira. Wurin da ake auna umurnin yana bayan goshi, shi ne linzamin. An fahimci haka daga labarin Phineas Gage, wani shugaban leburorin hanyar jirgin ƙasa a Amurka, wanda a 1848 wani ƙarfe mai tsawon fiye da mita ɗaya ya shiga ta kuncinsa na hagu ya fita ta ƙoƙon kai. Bai mutu ba, maganarsa ba ta ɗauke ba, amma likitansa ya rubuta cewa mutumin da aka sani da natsuwa ya koma mai ashar da rashin haƙuri. Daga baya kuma ya yi shekaru yana tuƙa keken dawaki na haya a ƙasar Chile, aikin da ba ya yiwuwa sai da haƙuri, abin da ke nuna ko linzamin da ya lalace yana karɓar horo.

Ba sai an je Amurka neman hujja ba. A duba manomin da ya kai buhunan albasarsa kasuwar Jega, babban ɗan kasuwa ya taya masa tayin wulaƙanci, har ya haɗa da baƙar magana. Idonsa ya yi ja, jijiyar wuyansa ta tashi, amma ya haɗiye ya ce albarka, domin ya san gobe ma wurinsa zai dawo. Shi ne kuma da maraice, don an makara da tuwo, zai ce ya saki uwar 'ya'yansa. Amigidalar da ta yi kururuwa a kasuwa ita ce ta yi a gida, goshin ma ɗaya ne. Bambancin kawai shi ne a kasuwa ya ga hasarar da zai yi, a gida kuwa ya ɗauka babu mai tambayarsa.

Malaman fiƙihu ba su jahilci matakan nan ba. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 1350, ya raba fushi uku. Akwai na farko, wanda mutum ya san abin da yake faɗa, sakinsa ya auku ba gardama. Akwai na ƙarshe, wanda hankali ya gushe ƙwarai har ya zama kamar mahaukaci, wannan bai auku ba. Akwai na tsakiya, a nan aka yi saɓani, shi ya karkata ga cewa bai auku ba, Malikawa kuwa, waɗanda mazhabarsu ake bi a ƙasar nan, suka tafi a kan cewa yana aukuwa ko da fushin ya tsananta, muddin mutum bai fita hayyacinsa ba. Ilmin ƙwaƙwalwa bai warware wannan saɓani ba, kuma babu na'urar da za ta gaya wa alƙali a wane mataki miji yake daren jiya. Amma ƙaulin Malikawa yana da ƙarfi ta wata fuska, domin da wuya a sami wanda ya yi saki yana dariya. In aka buɗe ƙofar nan, kowane saki zai shige ta cikinta, mace ta zauna ba ta san ko matar aure ce ko bazawara ba.

Sa'an nan akwai alhakin da ke gaba da lokacin fushin. Likitoci sun tabbatar rashin barci da shaye-shaye suna raunana ɓangaren goshi, kuma ba ya gama nuna sai wajen shekara 25, abin lura ga iyayen da ke aurar da yaro su zuba masa ido. Wanda ya sha ƙwaya ya sassauta linzaminsa da hannunsa, shi ya sa Malikawa suka lazimta wa mai maye da haram sakinsa. Hadisai sun umurci mai fushi ya nemi tsari, ya yi shiru, in yana tsaye ya zauna, ya yi alwala, sun kuma hana alƙali yanke hukunci yana cikin fushi. Duk wannan sayen lokaci ne har jini ya lafa, ruwan sanyi a fuska kuwa an san yana rage bugun zuciya.

Tsarin sakin sunna ma a kan jinkiri aka gina shi: ɗaya tak, a cikin tsarkin da miji bai kusance ta ba, sa'an nan idda ta biyo baya a ɗakinta, yana da ikon kome. Wanda ya tara uku a numfashi ɗaya ya tsallake duk waɗannan, a mazhabar Maliku kuwa uku ɗin ake ƙirga masa, ko ya zo zaure da asuba yana kuka.